Suna Linzami Ne, Har a Shafukan Intanet

Hausawa na cewa suna linzami ne, domin da shi ake juyo da mai shi. A matsayina na malamin kimiyyar harshe, da wannan ido nake kallon adireshin da ke saman burauza. Suna ne da aka raɗa wa shafi, kuma duk wanda ya kira shi, wannan shafin ne ya kamata ya amsa masa.

A farkon zamanin yanar gizo haka al'amarin yake. Idan mutum ya latsa mahaɗi, sai burauza ta nemi sabon shafi daga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shafukan, ita kuma ta turo shi ɗungurungum. Amma bayan fitowar Gmail a shekarar 2004, sai aka rungumi wani salo da ake kira manhajar shafi guda. A nan sau ɗaya ake sauko da shafin, daga nan lambobin JavaScript su riƙa sauya abin da ke cikinsa. Saurin ya ƙayatar, sai dai adireshin ya tsaya cik. Mai karatu zai ratsa wurare goma alhali sunan bai sauya ba. In ya latsa maɓallin komawa baya, sai ya tsinci kansa a waje, in kuwa ya aika wa abokinsa adireshin, sai abokin ya sauka a bakin ƙofa.

Maganin da masana suka samo shi ne a damƙa wa burauzar kanta aikin jagora, ta riƙa karanta adireshi tana zaɓen abin da za ta nuna. Da farko sun fake da alamar #, saboda burauza ba ta aika wa sabar abin da ya biyo bayanta. A 2009 kamfanin Google ya kawo tsarin #! domin injinsa na bincike ya iya ganin irin waɗannan shafuka, sa'an nan ya janye shi a 2015. Twitter ma ya ɗauki salon a 2010, ya watsar da shi a 2012. Abin da ya maye gurbinsa shi ne damar da HTML5 ya bayar ta sauya adireshi da rubuta shi cikin tarihin burauza ba tare da an sake sauko da shafi ba. A kan wannan ne kayan aiki irin su React Router da Vue Router suka dogara.

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Muddin ba a shirya sabar ta amsa kowane adireshi na ciki ba, to da zarar an sabunta shafin sai lambar 404 ta bayyana. Haka kuma makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba zai san an sauya wuri ba, sai in an sauya taken shafin an kuma sanar da shi.

Wannan ne ya sa abin ya dame ni a matsayin malami. Ɗalibi kan kafa hujja da adireshi a kundin bincikensa, mai duba aikin kuma ya bi shi domin ya tabbatar. Idan adireshin bai kai shi ga abin da aka ambata ba, hujjar ta rushe. Saboda haka ina kira ga matasanmu masu gina manhajoji da su yi gwaji uku kafin su miƙa aiki: su sabunta shafi, su koma baya, su kuma buɗe adireshin a wata na'urar dabam. Allah ya sa mu dace.