Amai A Kan Hanya: Kowace Ƙwaya Da Nata Aiki

Duk wanda ya taɓa rakiyar shanu a kamiyo daga Maradi zuwa Legas ya san wahalar tashin zuciya. Sai ka ga mutum ya tsaya a tasha ya ce wa mai tebur, "ba ni maganin amai", a miƙo masa ya haɗiye. To, abin ba haka yake ba.

Ba ciki ne ke yanke hukuncin amai ba. Akwai wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, shi ke ba da umurni. Saƙo na zuwa masa ta hanyoyi dabam-dabam: daga can cikin kunne in mota na jijjiga, daga ciki in an ci abin da ya lalace, daga jini in akwai guba ko zazzaɓi. Kamar kara ce mai ƙofofi da yawa, kowane magani kuma akwai ƙofar da yake tsaro.

Na ƙofar kunne su ne Nautamine da Phenergan, wanda muke ce wa Fenagan. Waɗannan su ne na aman mota. Amma sai an sha kafin a tashi, da kamar minti 30 zuwa awa guda. In amai ya fara, ƙwayar ma dawowa za ta yi. Aibinsu barci. Direba kada ya kuskura ya sha, ko da rabi ne. Fenagan kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, don yana iya danne masa numfashi.

Primperan shi aikinsa dabam: yana tare saƙon da ke zuwa ta jini, yana kuma sa ciki ya tura abinci gaba. Ba ya maganin aman mota. Na ga illarsa da idona. Wani yarona ya yi ta shan sa a hanya, sai wuyansa ya murɗe, idanu suka kafe sama. Mutane suka ce iska ce. Da muka kai shi likita, lokotoro ya ce aikin ƙwayar ne, kuma ya fi kama matasa. Allura guda aka yi masa ya warware. Saboda irin wannan ne a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a wuce kwana 5 ana shan sa.

Akwai kuma ondansetron, wanda ake ba masu jinyar kansa da waɗanda aka yi wa tiyata. Yana da ƙarfi, amma shi ma ba na mota ba ne.

Babban abin tsoro shi ne amai da zawo. A nan ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, kuma ƙwayar amai ba ta mayar da ruwa. A samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, a nufi likita. Haka nan in akwai zazzaɓi, ko jini a cikin aman, ko mutum ya bugu a kai. Asarar kwana guda a kasuwa ta fi asarar rai sauƙi.

Mai aman mota kuwa ya zauna gaba, ya riƙa duban nesa, ya rage maiƙo kafin tafiya. Tauna citta ma tana taimaka wa wasu.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.