Zainab Fawwaz da Rubuta Tarihin Shahararrun Mata

Gabatarwa

Idan ana maganar farkawar adabin Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, akan ce Ƙasim Amin ne ya buɗe muhawara a kan ilimin mata da littafinsa Tahrirul Mar'a na shekarar 1899, kuma akan ɗauki Zainab na Muhammad Husaini Haikal, wanda ya fito wajen 1913, a matsayin ƙagaggen labari na farko da ya amsa sunansa. Wannan maƙala za ta dubi ayyukan wata marubuciya da ta riga su duka biyu, wato Zainab Fawwaz, domin a ga yadda ta ɗauki tarihi ta mai da shi hujja a kan matsayin mace, ta hanyar tarihin rayuwa da ta hanyar ƙagaggen labari.

Marubuciyar

An haifi Zainab Fawwaz wajen tsakiyar ƙarni na 19 a garin Tibnin na yankin Jabal Amil, a kudancin ƙasar Labanon ta yau. Iyayenta talakawa ne, mabiya Shi'a. Tana ƙarama ta yi aiki a gidan sarautar Al-As'ad, inda Fatima, matar Ali Bey Al-As'ad, wadda ita ma mai ilimi ce, ta sa ta a hanyar karatu. Daga baya ta koma Masar, ta ci gaba da ɗaukar ilimi wajen Hasan Husni Aɗ-Ɗuwairani, mai jaridar An-Nil, kuma a wannan jarida ne aka buga da yawa daga maƙalunta. A shekarar 1892 ta yi ja-in-ja a rubuce da Hana Kurani, marubuciya daga Bairut, wadda ke ganin aikin mace ya tsaya a cikin gida. Zainab ta kafe a kan cewa hankalin mace bai gaza na namiji ba, rashin dama ne ya dakushe shi. An tara maƙalunta a littafin Ar-Rasa'iluz Zainabiyya. Ta rasu a Alƙahira a shekarar 1914.

Littafin Tarihin Mata

Babban aikinta shi ne Ad-Durrul Mansur fi Ɗabaƙati Rabbatil Khudur, wato warwatsattsun lu'ulu'ai game da ajujuwan matan da ke bayan labule. An buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ ta gwamnatin Masar a shekarar 1312 ta Hijira, daidai da 1894 zuwa 1895. Ya haura shafi 500, kuma ya ƙunshi tarihin mata fiye da 450, an jera su bisa haruffa.

Kalmar ɗabaƙat da ke cikin sunan littafin tana da muhimmanci. Wannan tsohon fanni ne da malaman hadisi suka raya domin sanin masu ruwaya, kuma malaman Bilad Sudan sun san shi sarai, alal misali a Nailul Ibtihaj na Ahmad Baba na Tumbuktu. Magabata ba su bar mata a waje ba. Ibn Sa'ad ya keɓe musu juzu'i na ƙarshe na littafinsa, haka ma As-Sakhawi a cikin Ad-Dau'ul Lami. Sai dai a wajensu mata rataye ne a bayan maza. Zainab kuwa ta ba su littafin baki ɗaya.

Daɗin daɗawa, ta faɗaɗa ma'aunin cancanta. A wajen magabata, mace kan shiga littafi saboda sahabantaka ko ruwayar hadisi ko ibada. A wajen Zainab akwai Nana Hadiza da Nana A'isha, akwai mawaƙiya Al-Khansa, akwai kuma Shajaratud Durr wadda ta mulki Masar kimanin kwana 80 a shekarar 1250. Tare da su akwai Zanubiya ta Tadmur da Kiliyobatara, da matan Turai irin su Jan Dark ta Faransa da Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Har wa yau ta kawo matan zamaninta, kamar A'isha Taimur ta Masar da Fatima Aliyya ta Istambul, ba ta kuma manta da Fatimar da ta koya mata karatu ba.

Tsarin haruffa ya yi wani aiki na daban: ya sa sarauniya ta zauna kusa da mawaƙiya, Musulma kusa da Kirista, ta dā kusa da ta yanzu, ba tare da an fifita wata ba. Mai karatu da ya bi ɗaruruwan misalai irin waɗannan zai yi wuya ya ci gaba da cewa mace mai ilimi ko mai mulki abu ne na nadiri, ko kuwa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Ta haka marubuciyar ta kafa hujjarta da yawan shaidu, cikin sigar da malamai suka riga suka yarda da ita. Ta so kuma hujjar ta ƙetare teku, domin ta rubuta wa Bertha Palmer, shugabar sashen mata na bajen kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, tana neman a ajiye littafin a ɗakin karatun mata na wurin.

Ƙagaggun Labarai

Tarihin rayuwa yana da iyaka. Yana faɗin abin da mace ta yi, amma da wuya ya shiga zuciyarta, kuma ba shi da wuri ga wadda aka danne har ba ta bar suna ba. Wannan giɓi ne ƙagaggen labari ya cike. A Husnul Awaƙib na shekarar 1899, Zainab ta koma yankinta na haihuwa, ta gina labari a kan rigingimun sarauta na Jabal Amil. Tauraruwar labarin, Fari'a, tana tsakanin 'yan'uwa biyu masu neman aurenta da neman mulki: Shakib wanda take so, da Tamir wanda ke son ya same ta da ƙarfi. Jigon a fili yake. Mai tilasta wa mace aure shi ne mai tilasta wa talakawa biyayya, zaluncin gida da na fada tushensu ɗaya.

A shekarar 1905 ta fitar da Al-Maliku Kurush, a kan sarkin da ya kafa daular Farisa a ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Labarin Kurush, kamar yadda Hirodotus ya ruwaito shi, ya faro ne daga wani sarki da ya aurar da 'yarsa Mandana saboda tsoron mafarkin da ya yi, ba tare da an nemi ra'ayinta ba. Ashe ko a tarihin sarakunan dā, matsalar da ta dami marubuciyar tana nan tun daga ƙofa.

Kammalawa

An daɗe ana ambaton Zainab Fawwaz a gurguje, har sai da manazarta irin su Marilyn Booth suka yi wa ayyukanta nazari mai zurfi, musamman a littattafanta na 2015 da 2021. Abin da ya fito fili shi ne, muhawarar ilimin mata a ƙasashen Larabawa ba a 1899 ta fara ba, kuma ba maza kaɗai suka fara ta ba. Ga mai nazarin adabi kuwa, ayyukanta sun nuna cewa zaɓen wanda za a rubuta tarihinsa hukunci ne, kuma wanda aka bari a waje yakan ɓace daga tunanin al'umma.