Ciniki da Sinawa: Riba da Haɗarin da Ke Gaban Ɗan Kasuwar Zangon Kumasi

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin kasuwanci, domin wanda bai samu ya saurara ba.

In ka zaga Kejetia ko Adum, ko ka leƙa shagunan Aboabo da Asawase, ka ƙirga kayan da ba na Sin ba, za ka ga ba su da yawa. Wayoyin Tecno, itel da Infinix duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen. Fitilar sola, kayan gyaran babur, har carbi da darduma, galibi daga can suke. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi ta Salaga suka iso ƙasar Asante. Jikokinsu yau Gwanzu da Yiwu suke nufa. To, ina ribar take, ina kuma ramin?

Gana da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci tun 1960, zamanin Kwame Nkrumah. Kamfanin Sinohydro ne ya gina madatsar ruwan Bui, shi ne kuma ya yi gadar saman Tamale da aka buɗe a 2022. Amma wannan harkar manya ce. Kai abin da ya dame ka shi ne sari.

A nan Sinawa sun yi fice. Kowane kaya suna yin sa daraja-daraja, gwargwadon aljihunka. In ka ce musu ga irin zanen da matan Zango ke so, ko ga girman tukunyar da ake nema, za su ƙera maka. Ba sai kana da kuɗin cika kwantena ba: kamfanonin dakon kaya suna haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu tun 1957, sau biyu a shekara, yana buɗewa a Afrilu da Oktoba, nan za ka ga masu masana'anta ido da ido.

Akwai kuma ƙofar da ba mu cika dubawa ba, wato sayar musu. A watan Yunin 2025 Sin ta sanar da shirin cire harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka 53. Mai man kaɗanya, kashu ko riɗi, wannan naka ne. Sai dai cire haraji daban, cika ƙa'idojinsu na tsafta da inganci daban. Wanda bai da takardun gwaji, kayansa a bakin ruwa za su tsaya.

Yanzu ga ramukan.

Na farko, canjin kuɗi. Da dala ko yuwan kake saye, da sidi kake sayarwa. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13. Ka ga kayan dala 10,000 da ka yi lissafinsu a sidi 60,000, sai da fiye da 130,000 za ka sake saro su. Ka sayar da kaya kaf, kana murna, ashe uwar kuɗi ta zaizaye. Don haka ka riƙa yanka farashi da kuɗin da za ka sake saye, ba da wanda ka saya jiya ba.

Na biyu, samfur daban, kaya daban. In ka matsa wa Basine ya rage farashi fiye da kima, da wuya ya ce maka a'a. Zai amsa, sannan ya rage nauyin ƙarfe ko kaurin yadi. Araha ba ta ado. Al'adar da aka saba ita ce ka ba da kafin alƙalami, kamar kashi 30 cikin ɗari, sauran sai an gama. Kada ka cika kuɗin sai wani naka ya buɗe kwali ya duba. A rubuta yarjejeniya, a buga mata jan hatimin kamfani, domin a Sin hatimin nan ya fi sa hannu ƙarfi. Ka nemi hoton lasisinsu, kuma sunan da ke jikinsa ya zama shi ne sunan asusun da za ka tura kuɗi.

Na uku, lokaci. Jirgin ruwa kan ɗauki fiye da wata guda kafin ya iso Tema, ga kwastan, ga kuɗin ajiya in ka yi jinkirin fitarwa. Sannan masana'antu kan rufe na makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Mai neman kayan Sallah ya yi wannan lissafin tun da wuri.

Na huɗu, wanda ya sayar maka a can yana iya biyo ka nan ya buɗe sito. 'Yan Kantin Kwari a Kano sun daɗe suna wannan kuka. A Gana, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ciniki a cikin kasuwa da talla ga 'yan ƙasa, ƙungiyar GUTA kuma ta sha rufe shagunan baƙi a kan haka, har a Suame Magazine. Wannan wuƙa ce mai baki biyu, domin rufewar ta fi faɗawa kan 'yan Najeriya. Ɗan Zango, ka gyara takardunka, dattawa ba su manta korar baƙi ta 1969 ba. Kuma kada ka ara wa baƙo sunanka ya yi rajistar shago ko filin haƙar zinare. Ranar da asiri ya tonu, sunanka ne a takarda.

Batun galamse ya ishe mu izina. A 2013 gwamnati ta kori dubban Sinawa masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, a Disambar 2023 kuma kotu a Accra ta ɗaure Aisha Huang shekara huɗu da rabi. Kogin Offin da Pra har yau suna nuna tabon.

Abu na ƙarshe, Basine yana ciniki ne da wanda ya sani. Ba ya son a kunyata shi a gaban mutane, yana kuma riƙe wanda ya cika alkawari. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da amana fatake suka yi arziki a hannun masu masauki. Ka fara da kaɗan, ka biya a kan lokaci, ka samu tafinta wanda kai kake biyansa, ba mai cin la'ada a ɓangare biyu ba. Bayan sari uku ko huɗu za ka san ko abokin tafiya ne.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.