Lissafin Mai Barin Ikko Ya Koma Kano

Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, zaman Ikko ya ƙara tsada, har waɗansu ma'aikata da fatake na Agege da Idi-Araba suka shiga shawarar komawa Arewa. To, wannan al'amari lissafi yake so, ba gaggawa ba.

A shekarar 2024 gwamnatin Ikko ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 85,000, ta Kano kuwa 71,000. Wanda ya dubi wannan kaɗai sai ya ce Ikko ta fi. Amma abin lura shi ne abin da ya saura a aljihu bayan haya da kuɗin mota da cefane. A Ikko mai gida yakan nemi hayar shekara dunƙule, ga la'adar dillali. A Kano kuwa hatsi yana kusa, ga Dawanau, ga dangi.

Sai dai arha ba ta amfanar wanda ba ya samu. Falke yana iya ɗora kayansa a mota, amma abokan cinikinsa da amanar da ya shekara yana ginawa ba su ɗoruwa. Saboda haka mai hankali ba ya tashi sai takardar aiki ta shiga hannunsa. Ya fara zuwa shi kaɗai, ya gwada wata biyu ko uku, sa'an nan ya kwaso iyali idan hayarsa ta ƙare. Kada a saki reshe a kama ganye. Allah ya sa a dace.