Gudu a karkara mai tudu da gangare: yadda ake nemo hanya

Yau hirar tamu ta masu gudun motsa jiki ce, musamman waɗanda suka gaji da zagaya filin ƙwallo ko shaƙar hayaƙin mota a bakin titi, suna son fita karkara. Zan ɗauki yankin Jos a matsayin misali, domin can ne na fi sanin hanyoyin, amma abin da zan faɗa zai yi wa na Gembu ko na Kagoro amfani.

Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuma sun kai wajen mita 1,800. Ƙasar ba a shimfiɗe take kamar ta Kano ba: ka hau, ka gangara, ka sake hawa. To irin wannan ƙasa masu gudun dogon zango ke nema. Garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya ke atisaye, yana kan tudun mita 2,400, kuma yawancin gudunsu a jar hanyar burji suke yi, domin ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. A nan gida ma, ba banza ba 'yan Filato, musamman na wajen Pankshin, suka yi suna a gudun dogon zango.

Abu na farko da zan ce: a irin wannan wuri kilomita tana yaudara. Wani mai hawan duwatsu ɗan Scotland, William Naismith, ya fitar da wani lissafi a 1892 don masu tafiyar ƙasa. Ya ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. In ka rage lissafin, hawan mita 100 ya kai wahalar tafiyar mita 800 da ɗoriya a fili. Ba don masu gudu ya yi shi ba, amma ni da shi nake kintace. Ke nan hanyar kilomita 8 mai hawan mita 250, ka ɗauke ta kamar kilomita 10. Shi ya sa a sabuwar hanya da agogo nake awo: minti ashirin zuwa, in juyo. Kuma na fi son in fara da hawa in dawo da gangara. Wanda ya fara da gangara yana jin daɗi, yana ganin yau shi ne Kipchoge, sai ya juyo ya tarar tudun na jiransa, ruwan gorarsa kuma ya ƙare.

Waya tana taimakawa, amma iyakarta. A Google Maps ka kunna hoton tauraron ɗan adam: hanyar burji za ka gan ta ja-ja, turbar ƙafa siririya kamar zare, layin itatuwa masu duhun kore kuma galibi rafi ne. Google Earth na kwamfuta zai nuna maka hawa da saukar hanyar da ka zana. Strava tana da taswirar inda masu amfani da ita suka saba bi, sai dai da ka bar gari za ka ga wayam, domin manomin da ke bin turbar kullum ba ya kunna Strava. Ka kuma sauke taswirar a wayarka tun kana gida, saboda sabis yakan ɗauke a cikin kwari.

Matsalar hoton sama ita ce ba ya gaya maka yau. Wataƙila an ɗauke shi da rani shekara biyu da suka wuce. Turbar da ka gani a fili, da damina ta koma tsakiyar gonar dankalin turawa ko acca. Rafin da ake tsallakewa da taku ɗaya a watan Janairu, a Agusta yana iya tafiya da mutum, ko da ba a yi ruwa a inda kake ba, domin ruwan da ya sauka a kan dutse kwari yake nufa. Ga kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, a wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Suna da kyau a hoto, amma suna da zurfi, gaɓarsu kuma tana zaftarewa. Ka wuce su daga nesa.

To wa zai gaya maka yau? Ɗan acaɓa. Wallahi babu taswirar da ta kai shi. Shi ya san gadar da ta karye, da inda hanya ta yanke, da ƙauyen da ake zaman ɗarɗar. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, kowa ya san wasu yankunan Filato sun sha fama da rikici, kuma baƙon fuska da ke sheƙa gudu da asuba ta bayan gidajen mutane yana iya tayar da hankali ba tare da ya sani ba. Saboda haka kafin in yi gudu a sabuwar hanya, sai na taka ta a hankali da rana tsaka. In gaida dattawan da ke zaune: "Sannunku Baba, motsa jiki nake yi, wannan hanyar tana ɓullewa?" In akwai mai unguwa kusa, in leƙa in gaishe shi. Ranar da na zo da gudu, an riga an san ni, har yara su biyo ni suna dariya. 'Yan uwa mata, ku fita ku biyu ko uku, da wani ɗan yankin in ya samu.

Sai ladabin hanya. Gona ba hanya ba ce, ko da gajeriyar yanke ce. Burtali na shanu ne, in kun haɗu da garke ka koma tafiya, ka ba su wuri, ka gaida makiyayin. Kare ma haka, gudu ne ke sa ya bi ka, don haka ka sassauta, kada ka juya masa baya a guje. Shingen ƙyarana da ke kewaye gidaje da gonaki a ƙauyukan Filato kuwa, kada ka ratsa ta cikinsa: ruwansa fari yana ƙona fata, in ya shiga ido abin sai asibiti.

Ga hanyar farko, zaɓi wadda za ka je ka dawo ta kanta. Zagaye sai ka san wurin. A kowace mararraba ka waiwaya ka ga yadda take daga ɗaya ɓangaren, domin dutsen da ka sa alama da shi kama daban yake da ita in ka juyo. Ka gaya wa wani a gida inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka sa ɗan kuɗin acaɓa a aljihu. Da hunturu kuma ka jira gari ya waye sosai, sanyin Jos na Disamba da hazonsa kan ɓoye rami har sai ka zo kansa.