Kayan Ƙamshi a Abin Sha na Gida: Misali daga Kunun Zaƙi a Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan yadda ake sa kayan ƙamshi cikin abin shan da ake tsimawa a gida, da kuma dalilin da ya sa na wata mace yakan yi daɗi, na wata kuwa ya lalace, alhali kayan haɗinsu ɗaya ne. Mun ɗauki misali daga kunun zaƙi a ƙasar Gumel, watau yankunan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ƙasa ce ta gero, ga ta a bakin iyakar Nijar, kuma kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan tara fatake da masu dabbobi daga nesa da kusa. A irin wannan taro, cikin zafin bazara, sayar da kunu sana'a ce da gidaje da dama suke ci da ita. Saboda haka tukunya guda da ta lalace hasara ce ta jari. Abin da muke so mu nuna shi ne, amfanin kayan ƙamshi ya rataya a kan abubuwa uku: lokacin da aka sa su, da gwargwadon da aka sa, da nufin mai sawa.

2.0 Kayan Ƙamshi da Asalinsu

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, yawancin kayan da ake ƙamsasa kunu da su ba a ƙasar Gumel suke tsira ba. Citta mai yatsu daga kudancin Kaduna ake kawo ta, daga wajajen Kachia da Kwoi da Kafanchan. Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya kayan kurmi ne, fatauci ya daɗe yana hauro da su arewa. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da nomansa a ƙarni na 19, sunansa ma daga Larabci muka aro shi. Barkono kuwa daga nahiyar Amurka ya bazu cikin duniya bayan 1492. Tsamiya ce ta gida sosai a cikinsu.

Wannan nisa na asali yana da tasiri a kan sana'ar. Alal misali, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta halaka amfani mai yawa, farashinta ya tashi a kasuwannin arewa. Duk lokacin da abu irin wannan ya faru, mai kunu takan shiga tsakanin zaɓi biyu, ko ta rage citta, ko ta nemi abin da zai tsaya a madadinta. Za mu dawo kan wannan a sashe na 5.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana ɗauke da sinadarin da yake ba shi halinsa. Yajin citta ɗanya daga sinadarin jinjerol yake, idan kuwa ta bushe wani ɓangarensa yakan juye ya zama wani mai yajin da ya fi na farko, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya zafi. Man kanumfari mafi yawansa sinadarin yujinol ne, wanda yake sa harshe ya yi dundum, shi ne kuma dalilin da ya sa ake dasa kanumfari a haƙori mai ciwo. Ƙamshin duka waɗannan yana cikin mai ne mai saurin tashi da tururi. Yajin barkono kuwa ba ya gudun wuta.

3.0 Yadda Kunu Yake Samun Zaƙi da Tsami

Ba za a fahimci lokacin sa kayan ƙamshi ba sai an san abin da yake faruwa a cikin tukunya. Bisa al'ada akan surfa gero, a wanke, a jiƙa shi, sa'an nan a markaɗa tare da busasshen dankali. Sai a raba ƙullun biyu. Kashi mai yawa a dama shi da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya huce, kana a zuba ɗanyen kashin a gauraya, a rufe ya kwana. Da safe a tace.

Hikimar wannan rabo babba ce. Tafasasshen ruwa yana nunar da sitacin gero. Ɗanyen kashin kuwa yana ɗauke da sinadarin amilez, wanda dankali yake da shi da yawa, shi ne mai narka sitaci ya mai da shi sukari, kunun ya saki, ya yi zaƙi. Wannan sinadari yana aiki sosai a zafin da ya kusa digiri 60, amma tafasa tana kashe shi. Don haka wadda ta yi gaggawar zuba ɗanyen ƙullu cikin kunu mai ƙuna za ta wayi gari da koko mai kauri marar zaƙi. A cikin dare kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna cin ɗan sukarin suna fitar da tsami irin na nono, wannan tsami shi yake hana ƙwayoyin cuta da yawa yaɗuwa.

Akwai kuma ƙwayoyin yis a cikin kowane tsimi, su kuwa aikinsu shi ne su mai da sukari barasa da iska. A kunun kwana ɗaya aikinsu bai kai ya taka kara ya karya ba. Amma idan aka bar kunu mai sukari cikin zafi kwana da kwanaki, sai ya fara kumfa, gorar roba ta kumbura, warinsa ya sake. A nan ne iyaka take tsakanin kunu da burkutu. Ga al'ummar Musulmi, wadda duk abin sha mai sa maye haramun ne a gare ta, sanin wannan iyaka wajibi ne a kan mai sana'ar.

4.0 Lokaci da Gwargwado

Akwai lokuta uku da ake iya sa kayan ƙamshi, kowanne da sakamakonsa.

Na farko, lokacin markaɗe. Wannan ita ce hanyar da aka fi sabawa da ita, a markaɗa citta da kanumfari da barkono tare da gero. Amfaninta shi ne yajin yana ratsa kunun gaba ɗaya. Aibinta kuwa biyu ne: kashin da aka dama da tafasasshen ruwa yana rasa ƙamshinsa cikin tururi, ya bar yaji kawai, sa'an nan abin da ya shiga ba ya fita. Har wa yau, yujinol yana rage ƙarfin bakteriya, mai cutarwa da mai amfani duka, saboda haka kanumfari mai yawa tun farko yana iya jinkirta tsamin da ake nema.

Na biyu, a cikin ɗanyen kashi kaɗai. Idan aka keɓe kayan ƙamshi aka markaɗa su da ƙullun da ba za a dama ba, ba su gamuwa da tafasa, kuma suna da dare guda na tsimuwa. Wannan ya dace da citta da masoro.

Na uku, bayan tata. A daka kayan, a jiƙa su cikin ruwan da aka tafasa, a rufe har ya huce, a tace, sa'an nan a riƙa zuba jiƙon kaɗan kaɗan ana ɗanɗanawa. A ganinmu wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da kaya masu ƙarfi kamar kanumfari da kimba, waɗanda ɗan ƙari kaɗan yakan sa su ɗaci. Mai sana'a tana iya gwadawa a ludayi guda. Idan ƙaramin cokali ɗaya na jiƙon ya ishi ludayi ɗaya, tukunyar kuwa tana cin ludayi 40, to lissafi ya ba da cokali 40, amma gara ta fara da 30, domin ƙamshi yana ƙara fitowa idan kunu ya zauna. Ƙari yana yiwuwa, ragi ba ya yiwuwa.

Sukari shi ma na wannan lokaci ne, a ƙarshe, gab da fita kasuwa. Sa shi da wuri ciyar da yis ne kawai. Tsamiya kuma, wadda ake nema don tsaminta, a bayan kunu ya gama sakin zaƙinsa ya kamata ta shiga, domin tsami mai yawa yana raunana amilez.

5.0 Nufin Mai Sawa: Darasi daga Ingila

A nan za mu ɗan fita daga ƙasar Hausa, domin wata ƙasa ta taɓa fuskantar wannan matsala har ta kai ga doka. A farkon ƙarni na 18 aka fara yin wata baƙar giya ta sha'ir a birnin Landan wadda suke kira porter. Ba mu ambace ta don halinta ya yi daidai da na kunu ba, sai don abin da masu yin ta suka aikata da kayan ƙamshi. Da haraji da tsadar sha'ir suka matsa musu, sai wasu suka riƙa rage hatsi suna ƙara ruwa, kana su zuba abubuwa masu yaji da ɗaci don mai sha ya zaci abin yana da ƙarfi. Ɗaya daga cikin abubuwan nan ita ce citta mai 'ya'ya tamu ta Afirka ta Yamma, wadda ta daɗe tana isa Turai ta hanyar Sahara, daga baya ta teku. A 1816 majalisar Ingila ta yi dokar da ta hana masu wannan sana'a ko da ajiye ta a wurin aikinsu, tare da wasu kayan. A 1820 kuma wani masanin kimiyya Bajamushe mazaunin Landan, Frederick Accum, ya wallafa littafi ya tona irin wannan algus a abinci da abin sha.

Cittar ba ta da laifi. An hana ta ne domin an mai da ita murfin ha'inci. Irin wannan jarraba tana gaban mai kunu duk sa'ad da gero ko citta ko sukari suka yi tsada: a tsinka kunu da ruwa, a cika barkono don ya tsaya a madadin citta, a zuba sakarin da filebo don a rufe salam ɗin. Sakarin, wanda aka gano a 1879, ya fi sukari zaƙi ninki ɗaruruwa, amma ba ya ba jiki kuzari ko kaɗan. Ɗan dako ko makiyayin da ya sayi kunu a kasuwar Maigatari don ya tare yunwa, ya biya kuɗin abinci ne ya sha ruwa mai zaƙi. Mafi muni kuma shi ne a sa yaji don a ɓoye warin kunun da ya riga ya juya.

6.0 Tsabtar Kayan Ƙamshi

Gaskiya ne citta da kanumfari suna ɗan jinkirta lalacewar kunu, amma ba sa tsarkake ruwa marar kyau, ko ƙanƙarar da aka yi da shi, ko gorar da ba a wanke ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, kunun da ba a sanyaya ba na yini guda ne. Bugu da ƙari, kayan ƙamshin kansu suna iya kawo cuta. Citta da barkono da aka ajiye da danshi suna yin fumfuna, wani irin fumfunar kuwa yana fitar da dafin aflatoksin, wanda aka gano bayan ya kashe ɗimbin talotalo a Ingila a 1960. Dafin nan yana lahanta hanta, kuma tafasa irin ta gida ba ta kawar da shi. Saboda haka ya fi kyau a sayi kaya ɗungum, a duba, a shanya, a daka a gida, maimakon garin da ba a san abin da aka niƙa a cikinsa ba.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa kunun zaƙi yana samun zaƙinsa da tsaminsa ne daga aikin da yake gudana a cikin tukunya, kuma kayan ƙamshi suna iya taimakon wannan aiki ko su hana shi. Mun nuna cewa citta da masoro sun fi dacewa da ɗanyen ƙullu, kanumfari da kimba da jiƙon bayan tata, sukari kuwa sai a ƙarshe. Muna ba da shawara ga malaman tsabta da masu koyar da sana'o'in mata a ƙasar Gumel da su sa waɗannan ƙa'idoji cikin abin da suke koyarwa, su kuma nemi tsofaffin masu sana'ar su ji ta bakinsu, domin yawancin abin da kimiyya ta bayyana a nan, hannunsu ya daɗe da saninsa.