Abin lura kafin sauya fitilar baya a tsohuwar mota

A Daura har yanzu akwai masu farfaɗo da tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna. Sukan sake inji da fenti, su bar fitilar baya sai ƙarshe, alhali idan hazo ya sauka a hanyar Kano, ita kaɗai direban tirela yake hangowa.

Launukan suna da ƙa'ida: ja na dare da birki, ruwan goro na sigina, fari na komawa baya. Ƙwan birki na gargajiya zare biyu gare shi, mai wat 5 da mai wat 21. Idan mai gyaran waya ya haɗa su a juye, fitilar za ta yi ta ƙyalli kamar an taka birki, na baya kuwa ba zai gane lokacin da aka tsaya da gaske ba. Wannan ya fi mutuwar ƙwai ɗaya haɗari.

Fitilar LED ba ta cin batir sosai, amma takan sa sigina ƙiftawa da sauri, sai an sauya na'urar da ke ƙifta ta. Idan kuma taka birki yana dusashe sigina, yawanci tsatsa ce ta ci inda waya ta kama ƙarfen motar. A kankare wurin kafin a sayi sabuwa.